Dizgi

dizgi (suna, namiji). Kunyata mutum a bainar jama'a ta hanyar gwale shi, ko watsa masa ƙasa a ido, ko yi masa ko-in-kula. Aikatau: dizga, *ta dizga shi*, wanda abin ya faɗa wa kuwa *ya sha dizgi*.

Ana danganta asalinta da kalmar Ingilishi *disgrace*, sai dai bakin Hausawa ya gutsure ta, ya kuma rage mata nauyi. Ta Ingilishin takan kai ga zubewar mutuncin gida guda. Dizgi bai kai tozarci ko tonon silili ba, zafinsa na lokacin ne. Amma fa sai da 'yan kallo.

Kada a haɗa shi da *kunya*, wadda sau da yawa yabo ce, kamar ta uwa ga ɗan fari.

Misali: *Ya sha wanka ya je zance Gyaɗi-Gyaɗi, budurwar ta aiko ƙanenta ya ce wai ta yi barci, abokansa na tsaye. Dizgi ke nan.* *Malam, kar ka dizga ni gaban fasinja, sauko mu lissafa,* in ji mai adaidaita sahu a Tarauni.

Kalmar matasa ce; dattijo zai ce *muzantawa*.