Merata Mita da Tallafin da Ke Ɗauke da Sunanta

Mu da muke zaune a matsayin tsiraru mun san ɗacin jin labarinmu daga bakin baƙo. Haka al'ummar Maori, 'yan asalin ƙasar Niyuzilan, suka daɗe suna ganin kansu a majigi yadda Turawa suka ga damar zana su.

A cikinsu aka haifi Merata Mita a shekarar 1942. Lokacin da 'yan wasan zari-ruga na Afirka ta Kudu suka ziyarci ƙasar a 1981, zamanin mulkin wariyar launin fata, jama'a sun fito zanga-zanga, ita kuwa ta bi su da kyamara. Daga nan fim ɗinta Patu! ya fito a 1983, bayan 'yan sanda sun nemi ƙwace hotunan da ta ɗauka. A 1988 ta fitar da Mauri, dogon fim na farko da mace Bamaora ta rubuta kuma ta ba da umarni ita kaɗai.

A ganinmu, aikinta mafi nauyi ya zo daga baya. Ta zama mai ba da shawara a Cibiyar Sundance ta Amurka, wadda Robert Redford ya kafa a 1981, tana zama da matasa 'yan asalin ƙasashe daban-daban, tana gyara musu rubutu.

Ta rasu a 2010. A 2016 cibiyar ta buɗe tallafi da sunanta, na kuɗi da jagorar ƙwararru tsawon shekara guda. Ciara Lacy, 'yar asalin tsibiran Hawai, ce ta fara samunsa.