Hanyar Gabas: Yadda Mutanen Ƙasar Katagum Suka Nemi Abinci a Ƙasashen Waje

'Yan'uwa mazauna zango, a duk lokacin da yaro ya ɗaura niyyar fita waje neman aiki, sai ka ji manya na cewa wai zamani ne ya lalace. To, ba yau aka fara ba. Duk wanda ya tashi a Itas ko Gadau ko Azare ya san kalmar nan ta "ya yi gabas", kuma ya san gidajen da har gobe ake ajiye wa wani kaso na gado, ana jiran dawowarsa.

Asalin abin cin rani ne. In an gama girbi, an kai gero da dawa rumbu, magidanci ya ɗauki sandarsa da buzunsa ya nufi Kano ko haƙar kuza a Jos, kafin damina ya dawo da kuɗin haraji da ɗan turmin atamfa. Waɗanda suka fi nisan zango su ne fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, daga cikinsu ne aka sami mazauna zangunan Salaga da Kumasi. Amma hanyar da ta fi cin mutanenmu ita ce ta gabas.

A shekarar 1903, da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, jama'a suka yi ta binsa gari-gari. Maƙwabcinmu Sarkin Misau Ahmadu yana cikin waɗanda suka bar sarauta suka bi shi. Aka kashe Attahiru a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sannar. Wannan gari ya zama masauki ga duk mai zuwa daga baya.

Niyyar mutane aikin hajji ce, amma guzurin talaka ba ya kai shi Makka. Saboda haka tafiyar ta zama aiki ne tun daga farko har ƙarshe. Mutum ya bi ta Maiduguri ya shiga Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, ya yada zango ya yi noman ƙodago. Ya wuce Abeshe, ya yi dako ko ga-ruwa. Mai allura ya yi ɗinkin hula, wanzami ya buɗe zabirarsa, malami ya tara almajirai. Daga Fashir zuwa Ubayyid, inda ake samun jirgin ƙasa, wani sai ya shekara biyar bai ga teku ba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya samu ba iyaka, domin masu gonakin suna neman hannun tsintar auduga ido rufe. Nan fa da yawa suka tsaya. Sun yi aure, sun haifi 'ya'ya, kuma in ka tambaye su, ce maka za su yi su matafiya ne, Makka za su. Larabawan Sudan suka sa musu suna Fallata, na Hijaz kuma suka ce Takari.

Abin da ya ba su nasara, a ganina, shi ne mai gida. Baƙo ba ya sauka a titi. Akwai sarkin zango ko mai masauki wanda zai ba shi ɗaki, ya tsaya masa wajen mai ba da aiki, ya ajiye masa kuɗinsa amana. Wannan ita ce takardar shaidar wancan zamani, kuma ta yi aiki har ranar da gwamnatoci suka fara neman takarda ta gaske. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su fice. Mutanen da aka haifa a zango, waɗanda ba su taɓa ganin Nijeriya ba, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Mu ma kada mu wanke kanmu: a 1983 gwamnatin Shagari ta yi wa baƙi irin wannan kora.

Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, sai masu tafiyar suka canza kama. Likitoci da malaman jinya da malaman jami'a suka riƙa tafiya Saudiyya da kwantiragi a hannu, a jirgin sama daga Kano. Can ma mai gidan yana nan, sai dai sunansa kafili, kuma izinin zaman ma'aikaci, wato iƙama, a wuyansa yake rataye. A 2021 Saudiyya ta sassauta wannan tsari ta yadda ma'aikaci zai iya sauya wurin aiki, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba, alhali nan ne matanmu suka fi yawa.

Su kuwa jikokin masu tsintar auduga, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya iske su a gonakinsu. Da faɗan ya kai Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, jama'ar Jazira suka watse, wasu suka ɗaure kaya suka bar garuruwan da kakanninsu suka sauka da niyyar kwana biyu.