Anton Boisen da Asalin Horon Limaman Asibiti a Amurka

Tun zamanin da akan sami malamin addini a gidajen jiyya na Turai, amma aikinsa bai wuce ya yi wa majiyyaci addu'a, ya karɓi tubarsa, ya shirya shi ga mutuwa ba. Mayar da wannan dubiya ilmi wanda ake koyo a bakin gadon mara lafiya kuwa, abu ne na ƙarni na 20, kuma wanda ya aza harsashinsa a Amurka shi kansa majiyyaci ne.

Sunansa Anton Boisen, limamin Kirista, an haife shi a jihar Indiyana cikin 1876. Cikin 1920 hankalinsa ya gushe, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Westboro a Massachusetts, ya yi wata 15. Abin da ya gani can shi ya juya rayuwarsa. Likitoci ba su damu da jin abin da ke cin zuciyar majiyyaci ba. Limaman da ke zuwa ran Lahadi kuwa ba su san masu sauraronsu ba. Har wani ya yi wa'azi kan ayar Linjila mai zancen ƙwaƙule ido in ya jawo zunubi, gaban mutanen da ake tsoron su ɗauki maganar bisa zahirinta!

Cikin 1924 shugaban asibitin Worcester, Likita William Bryan, ya ɗauke shi limami. Da bazarar 1925 sai Boisen ya kawo ɗaliban addini huɗu. Da rana su yi hidimar ɗakunan jiyya, sa'an nan a zauna a bi labarin majiyyata ɗaya ɗaya. Manufarsa ita ce ɗalibi ya karanci mutum kamar yadda yake karanta littafi, watau ya saurara kafin ya buɗe baki.

Amma fa tafiyar ba ta yi santsi ba. Babban mai goya masa baya, Likita Richard Cabot na Boston, yana ganin taɓin hankali ciwon jiki ne kurum, alhali Boisen ya dage cewa wani irinsa gwagwarmayar ruhi ce wadda kan iya ƙarewa da gyaruwar mutum. Ko wanne ya riƙe gefen gaskiya, ya ƙi na ɗan'uwansa. Da ciwon ya sake tasar wa Boisen a ƙarshen 1930, Cabot ya janye hannunsa, har ƙungiyar horon da aka kafa cikin shekarar nan ta soma kuɓuce masa.

Cikin 1932 ya koma asibitin Elgin kusa da Shikago, a can ya rasu cikin 1965. Cikin 1967 ƙungiyoyin da suka tsiro daga aikinsa suka haɗu wuri guda, yau kuwa har limaman Musulmi da malaman Yahudawa suna karɓar wannan horo a asibitocin Amurka.