Kulob Ɗin Yelwa na Bukuru da Dandalin 'Yan Kuza

Kakana na wajen uwa mutumin ƙasar Roni ne, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina ba mu labarin Bukuru ba. Yana saurayi, da an gama girbi sai ya ɗaure 'yan komatsansa ya nufi Kano, ya hau jirgin ƙasa zuwa Zariya, daga nan ya canza zuwa ƙaramin jirgin da ke hawa duwatsun Jos, wanda aka daina aiki da shi a 1957. Cin rani yake zuwa, haƙar kuza. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wani gida da yakan hango da daddare, fitilun lantarki sun haske shi kamar rana, kiɗan Turawa na tashi daga ciki. Sai da na girma na gane Kulob ɗin Yelwa yake nufi.

Mai karatu, bari mu koma baya kaɗan. Kafin zuwan Bature, Hausawan Liruwai sun daɗe suna narka kuza suna sayar wa fatake. A 1903 ne wani injiniyan kamfanin Neja mai suna Laws ya iso wannan yanki, ba a jima ba kamfanoni suka yi ca a kan ƙasar Birom. Layin dogo ya iso daga Zariya a 1914, aka kuma kafa tashoshin lantarki a magangarar ruwan Kwall da Kurra domin injinan haƙa. Turawa suka yi yawa, su kuwa duk inda suka yada zango sai sun gina wurin shaƙatawa. Filin wasan golf na Rayfield yana lissafin shekarunsa daga 1913, Plateau Club na cikin Jos kuma daga 1921. A Bukuru, inda babban kamfanin ATMN ya fi ƙarfi, Kulob ɗin Yelwa ne matattarar manyan ma'aikatan kuza da iyalansu, har da wurin ninƙaya.

Ka dubi sunan: Yelwa, wato yalwa, Hausa tsantsa. Amma a zamanin mulkin mallaka yalwar irin waɗannan gidaje ta Turawa ce. Baƙar fata yakan shiga ne a matsayin kuku ko boyi ko mai gadi. Alhali guminsa ne ke biyan kuɗin wutar. Lokacin da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka ɗora wa sarakunan Arewa tara leburori a dole. Shi ne diban gwamna, wanda ya ci gaba har 1944. Dubban manoma aka kwaso, da yawa kuma sanyin duwatsu da yunwa da cuta suka hallaka su.

To su leburori ina suke shaƙatawa? Kakana ya ce nasu kulob ɗin fili ne a tsakiyar bariki. Ranar biyan kuɗi, da an sha ɗaukar ƙasa a kwano mako guda, sai a kunna acibalbal. Ga masu goge da kalangu, ga 'yan dambe, ga 'yan caca a gefe, ga magajiya da matan da ke ƙarƙashinta, ga masu tsire da fura. Can a wata rumfa kuma malami na karatu da almajiransa. A nan Bakano da Bakatsine da Babarbare da Birom da Tibi suka cuɗanya, Hausa ta zama harshen kowa. Duk marubucin da ya taɓa rubuta "ɗan bariki" ko "ta shiga bariki" a littafinsa, ya sani irin wannan rayuwa tana cikin abin da ya ba kalmar nauyinta.

Bayan samun 'yanci a 1960, da kuma dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, manyan ma'aikata 'yan Najeriya suka gaji kujerun kulob. Sai dai sun gaji gida ne lokacin da arzikin ke janyewa. Man fetur ya danne komai, sannan a watan Oktoba na 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan. Kamfanoni suka watse, suka bar wa manoman Birom manyan kududdufai a inda gonakinsu suke. A Janairun 2010 kuma rikicin da ya taso daga Jos ya iso Bukuru, aka yi wa mutanen Kuru Karama kisan gilla, ƙauyen da asalinsa zangon 'yan kuza ne.

Abin da ke damuna shi ne, kulob yana da bango da suna, saboda haka tarihi ya riƙe shi. Dandalin su kakana kuwa ba shi da ko tubali ɗaya, a bakin tsofaffi kawai yake. A Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa akwai gidajen da kakanninsu suka yi cin rani a ƙasar kuza. In da sauran mai rai a gidanku, ku zauna da shi yau, ku ɗauki muryarsa ko da a waya ne. Ni ban yi ba, sai 'yan guntayen da na riƙe a ka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.