Kulkin da Kakanninmu Suka Riƙe

Zangon Kumasi iyaye biyu gare shi, amma ɗaya kawai muke son ambata. Ka tambayi ɗan Aboabo ko Asawase asalin unguwarsu, zai fara maka da fatake: ayarin goro, hanyar Gwanja, kasuwar Salaga da ta watse bayan yaƙin basasar 1892, da malaman da suka biyo ayari da allunansu. Duk gaskiya ne. Ɗaya uban kuwa soja ne mai jar dara da bindiga, wanda ya shigo garin a bayan Bature. Kakana na wajen uwa ɗan sandan rakiya ne a zamanin Turawa, kuma saboda shi ne duk lokacin da aka ce an buɗe wuta a kan masu zanga-zanga nake tunanin wanda aka harba, nake kuma tunanin wanda aka ba bindigar da abin da aka koya masa.

A 1863 wani hafsan Ingila, Kyaftin John Glover, ya tara waɗansu masu jin Hausa a Legas, galibinsu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su kaki da makami. Suna cikin rundunonin da aka kawo yaƙin Tonawa na 1873 zuwa 1874, wanda a ƙarshensa Janar Wolseley ya cinna wa Kumasi wuta. A 1879 aka kafa wa Gold Coast tata rundunar a kan wannan tsari, ana ce mata ta Hausawa. Sunan ne na Hausawa. A cikinta akwai Mosawa da Gurunsawa da Dagwambawa da Zabarmawa da Barebari, Hausa dai ita ce harshen bariki. Abin da Bature ke nema shi ne mutumin da ba shi da ɗan'uwa a garin da za a tura shi, wanda in an ce ya buga ba zai hango kawunsa a cikin taro ba. Da irin waɗannan aka shigo Kumasi a 1896 aka kama Sarki Prempeh, kuma su ne a cikin ganuwar Turawa a 1900 lokacin da mayaƙan Yaa Asantewaa suka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya. Ganuwar tana nan a Adum, yanzu gidan tarihin soja ce. Da ƙura ta lafa, waɗanda suka ajiye kaki suka zauna kusa da fatake, suka yi aure, aka haifi iyayenmu.

Aikin ɗan sanda na farar hula da dokar 1894 ya fara, kuma a farkon ƙarni na 20 aka raba shi. Mai ilimin boko, yawanci ɗan kudu, shi ke zama a ofis yana rubuta ƙara. Ɗan arewa wanda bai yi boko ba aka sa shi a rakiya: gadin zinariya da kuɗin gwamnati, bin jami'in gunduma rangadi, da tarwatsa taro. Su mutanen gari suke kira buga-buga. Mahaifiyata ta ce idan mahaifinta ya shigo lungu da kaki, hira takan mutu har sai ya wuce, alhali shi mutum ne mai yawan salla da sadaka. Ta ce abin da yakan faɗa bayan ya tsufa shi ne, a duk shekarunsa na aiki an koya masa jeri da tattaki da yadda ake ɗaga kulki, amma ba wanda ya taɓa koya masa yadda ake magana da mutanen da ransu ya ɓaci.

Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin da suka yi wa Ingila yaƙi a Bama da Gabashin Afirka suka yi jerin gwano a Akra, za su kai wa Gwamna Gerald Creasy kukansu a fadarsa ta Christiansborg, kan alkawuran fansho da aikin yi da ba a cika musu ba. Aka tare su a mararrabar Osu. Baturen 'yan sanda, Colin Imray, ya ba da umarnin harbi, yaransa ba su harba ba, sai ya karɓi bindiga a hannun ɗayansu ya harba da kansa. Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka mutu. Tarzoma ta mamaye Akra, ta iso Kumasi da wasu garuruwa, aka fasa kantunan Turawa da na 'yan Labanan, mutum 29 suka rasa rayukansu. Ana koyar da wannan rana a kowace makaranta a Ghana, amma ba a cika tsayawa a kan waɗancan ƙananan 'yan sanda da suka riƙe yatsunsu ba, kuma a ganina sun cancanci a tsaya. Kwamitin Watson da aka turo daga Landan ya ba da shawarar a sake tsarin mulki, abin da ya buɗe hanyar zaɓen 1951. Shi kuwa Imray, kwamitin ya wanke shi, ya ce harbin yana bisa ƙa'ida.

Samun 'yanci bai sake ginin rundunar ba, mai ba da umarni kawai aka canja, kuma cikin waɗanda suka fara ɗanɗana wannan akwai mutanen Zango. Daga 1954 siyasar Kumasi ta yi zafi. Jam'iyyar Musulmi ta MAP ta haɗa kai da NLM ta Baffour Akoto a kan CPP ta Nkrumah, Zango kanta ta rabu biyu, gida da gida ba a ga maciji. A 1957, kimanin wata biyar da sauke tutar Ingila, gwamnati ta ba da umarnin korar Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan daga ƙasar. Suka kai ƙara kotu cewa su haifaffun nan ne. Shari'ar na gaban alƙali majalisa ta zartar da wata doka mai ɗauke da sunayensu su biyu, ta kashe ƙarar, aka kai su Kano. Bayan shekara 12, ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Ina yaro a lokacin. Na ga maƙwabtanmu suna sayar da gado da tukwane a kan abin da bai kai kuɗin mota ba, ga 'yan sanda suna bin gida gida suna tambayar takarda. Tun daga nan, in ɗan Zango ya ga motar 'yan sanda a bakin layi, abin da ke fara zuwa masa shi ne wa aka zo ɗauka.

A takarda kam, doka tana tare da mai zanga-zanga. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 21, ya ba kowa 'yancin taro da jerin gwano. A 1993 Kotun Ƙoli ta yanke, a ƙarar da jam'iyyar NPP ta kai Sufeto Janar, cewa tilasta wa mutane neman izinin 'yan sanda kafin su fita ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 1994 ta ce sanarwa kawai za a ba su, kwana biyar kafin ranar. Sai dai wannan doka an yanka ta ne daidai da jam'iyya ko ƙungiyar ƙwadago mai sakatare da lauya. Fitowar Zango ba ta zuwa da sanarwar kwana biyar. Takan zo ne daga maƙabarta, ko daga ƙofar ɗakin ajiye gawa, a ranar da labari ya iso.

Haka ta faru a 2018. Ranar 17 ga Yuli 'yan sanda suka harbe mutum bakwai a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne da ke da hannu a kisan wani ɗan sanda kwanaki kaɗan kafin nan, har suka nuna makamai. Da aka ga gawarwakin sai Asawase ta ɗauka, don mutanen sanannu ne a unguwa, an san gidajensu da masallatan da suke salla. Samari suka fito, suka tare hanyoyi, suka ƙona tayoyi, aka jibge jami'an tsaro. A gidajen rediyon Kumasi muhawara ta kasu. Waɗansu na cewa ai an san halin 'yan Zango, a bar 'yan sanda su yi aikinsu. Ɗan majalisar Asawase, Alhaji Muntaka Mubarak, da sarakunan Zango suka dage sai an yi binciken da ba na 'yan sanda ba. Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin wani alƙalin babbar kotu, kuma kafin shekarar ta ƙare kwamitin ya ce bai ga wata hujja da ta nuna mutanen 'yan fashi ne ko sun yi musayar wuta da kowa ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane gida diyyar sidi 250,000.

A ranar da aka ƙona tayoyin na yi wa ɗan ƙanwata faɗa, don na gan shi a titi da jan ƙyalle a ka. Ya ce, "Kawu, da mun zauna a gida, da yanzu an binne su da sunan ɓarayi." Na ce masa, "Ɗana, kai ma da an harbe ka, da sunan me za a binne ka?" Har yau ina kan maganata, don na san abin da harsashi ke yi wa gida. Amma ba zan iya cewa tasa ƙarya ce ba. Wannan gardama ita ce ake yi a kowace majalisar shayi daga Yelwa har Sabon Zango. Dattawa da limamai suna cewa a yi haƙuri a bi ta hannun manya, a je fadar Sarkin Tonawa ta Manhyia, a je wurin babban limamin ƙasa Sheikh Sharubutu, kuma sau da yawa hanyarsu ta kashe wutar da za ta ci unguwa, kamar a rikicin maƙabartar Tafo na 2016. Samari kuma suna cewa manyan ba a saurarensu sai an ga hayaƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne mun ɓata shekaru muna wannan jayayya tsakaninmu, a kan yadda ya dace mai kuka ya yi kukansa, muka bar tambayar wa ya ba da umarnin harbi.

A garin Ejura an samu amsar wannan tambaya, amma ba ta warkar da kowa ba. Ibrahim Muhammad, wanda aka fi sani da Kaaka, mai fafutuka a kafafen sada zumunta, ya rasu a asibitin Komfo Anokye ranar 28 ga Yuni 2021 bayan wani hari da aka kai masa. Washegari, bayan jana'iza, matasa suka fito. Aka turo soja, aka harbe mutum biyu, waɗansu suka jikkata. Duk ƙasa ta ga hoton sojan da ya durƙusa yana saita bindiga. Sojoji suka ce daga cikin taron aka fara harbo su. Ministan yankin Ashanti na lokacin, Simon Osei-Mensah, ya amsa a gaban kwamitin Mai Shari'a Koomson cewa shi ya nemi a turo sojan. Soja ba a horar da shi don tarwatsa masu makoki ba, an horar da shi ne don abokin gaba, kuma duk wanda ya kira shi cikin kasuwar masara da doya ya san abin da zai iya biyowa baya.

Shekara guda bayan haka abin ya zo kan yara. Ranar 13 ga Yuni 2022 ɗaliban babbar sakandaren Musulunci da ke Abrepo suka tare hanyar Barekese, saboda motoci na yawan kaɗe mutane a ƙofar makarantar, suna neman a yi musu tudun nan da ke sa direba rage gudu. 'Yan sanda suka watsa musu barkonon tsohuwa, suka yi harbi a iska, aka kwashi fiye da ɗalibai 20 zuwa asibiti. Iyaye suka yi dafifi a ƙofar makaranta suna kiran sunayen 'ya'yansu. A wannan karon an ga wani abu dabam, kuma adalci ne a faɗa. Sufeto Janar George Akuffo Dampare ya zo Kumasi da kansa, rundunar ta amsa cewa yadda jami'anta suka bi da taron bai kai mizanin aikinsu ba, aka cire mataimakin kwamandan yanki, aka dakatar da manyan jami'ai biyu.

Sai dai wannan ya dogara ne a kan halin mutum ɗaya da ke kan kujera a lokacin. Cirewa da dakatarwa hukuncin ofis ne. A bala'in filin wasan Akra na 9 ga Mayu 2001, inda 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye cikin 'yan kallon wasan Hearts da Kotoko har mutum fiye da 120 suka mutu a turmutsitsi, da yawansu 'yan Zango, an gurfanar da jami'ai shida, kotu ta sallame su duka. Mutanen Asawase kuwa shekaru suka yi suna tambayar yaushe za a ga 'yan sandan nan 21 a gaban alƙali. Har yanzu idan ɗan sanda ya zalunce ka, sashen da za ka fara kai ƙara a cikin rundunar yake, kuma tun da daɗewa ƙungiyoyin kare haƙƙi suke neman a kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa binciken irin wannan, mai ikon miƙa mutum kotu.

A farkon 2025 Shugaba Mahama ya naɗa Alhaji Muntaka ministan cikin gida, ma'aikatar da 'yan sanda ke ƙarƙashinta. Mutumin da ya tsaya a madadin iyalan nan bakwai a 2018 shi aka ba makullin ofishin da takardun suke. Ba na neman ya fifita Zango a kan kowa, don ɗan Bantama da ɗan Ejura haƙƙinsu ɗaya da namu. Abu biyu nake so sarakunanmu da limamanmu su tambaye shi duk ranar da ya zo Juma'a a babban masallacin Kumasi: a ina shari'ar mutum 21 ɗin nan ta tsaya, kuma yaushe za a kai ƙudurin kafa waccan hukuma gaban majalisa.