Gwajin Sikila Kafin Aure: Iyakar Doka da Haƙƙin Ma'aurata

Cutar sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini, gadonta ake yi daga uwa da uba a tare, domin yaro ba ya kamuwa da ita sai ya karɓi ƙwayar gado mai illa daga kowannensu. Mutumin da ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai nau'in AS, lafiyarsa lau a yawancin lokuta, amma idan ya auri mai irin nau'insa, to kowane ciki da aka samu yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da ɗa mai nau'in SS, wanda shi ne mai ciwon. Da yake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya na ɗauke da wannan ƙwaya, ba abin mamaki ba ne da Jihar Kano ta kafa doka a 2024 da ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure.

Hujjar wajabta gwajin tana da ƙarfi, saboda wanda zai sha azabar ciwon ƙashi da yawan ƙarin jini shi ne ɗan da ba a haifa ba, wanda ba shi da bakin magana a lokacin da ake shirya auren, kuma ƙa'idar fiƙihu ta kawar da cuta tana goyon bayan a kare shi. Sai dai wajabta sani daban, haramta aure daban. Saudiyya, wadda ta wajabta irin wannan gwaji tun 2004, ta bar wa masu neman auren hukuncin ƙarshe bayan an yi musu nasiha, domin sakamakon yana nuna yiwuwa ne, ba tabbas ba.

Wata matsala kuma ita ce lokaci da sirri. Idan aka jinkirta gwaji har sai an sa rana an kai lefe, to fasa auren yakan zama tonon asiri, kuma budurwa ce ta fi ɗaukar tambarin, alhali mai AS ba marar lafiya ba ce, tana iya auren mai AA, wanda bai gaji ƙwayar ba, ba tare da fargabar haifar mai sikila ba. Irin wannan matsi ne ke iya tura wasu neman takardar bogi, wanda hakan ke rusa manufar dokar gaba ɗaya.

Saboda haka, abin da ya fi dacewa shi ne a yi gwajin tun ana makaranta, a ɗakunan gwaji masu inganci, a miƙa sakamakon ga mai shi kaɗai tare da cikakken bayani da harshen da yake ji. Hukuma na da ikon tilasta sani, amma zaɓin abokin zama haƙƙin masu auren ne da waliyyansu.