Asibitin Kutare na Danja da Maganar Godiya

Ranar murna irin wannan ya kamata a waiwaya baya. To, bari mu ɗauko labarin kutare, gama a cikinsa ne za mu fi gane abin da ake nufi da alherin Allah da kuma godiya.

Mishan ta Sudan Interior, wadda muke kira SIM, ta shigo ƙasar Nijar a 1924, ta sauka a Damagaram. Zamanin nan mulki na hannun Faransa, kuma ba a saurin ba da izinin buɗe wurin aiki. Sai a 1950 aka buɗe asibitin Galmi, a 1956 kuma aka kafa asibitin kutare a Danja, kudu da Maraɗi kaɗan.

Dattawanmu sun san yadda kuturu yake a dā. Ba a cin tuwo da shi kwano ɗaya, aure ya gagare shi, ƙarshenta sai bara a bakin kasuwa. Maganin da likitoci suke da shi kuwa wani mai ne na 'ya'yan itace da ake kawowa daga ƙasar Indiya, a yi ta yi wa mutum allura mai zafi shekara da shekaru, warkewa ba tabbas. Wajen 1950 aka fara ba da ƙwayar dapsone, bayan an gwada ta a Uzuakoli ta ƙasar Nijeriya. Ashe Danja ta zo daidai da zuwan maganin da ke kashe cutar. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa haɗa magunguna, yanzu wata 6 ko 12 sun isa, tun 1995 kuma kyauta ake bayarwa.

Amma fa magani ba ya mai da yatsan da ya riga ya guntule. Mutum ya warke, ya koma garinsu da dungu, mutane suna ƙyamarsa kamar dā. Wane alheri ke nan aka yi masa, me kuma zai gode wa Allah a kai? Tambaya ce mai nauyi, kada mu yi hanzarin amsa ta mu da muke da yatsunmu goma.

Ku duba Luka sura 17. Kutare 10 suka roƙi Yesu Kristi jinƙai daga nesa, ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya suka tsarkaka. Ɗaya kaɗai ya komo ya faɗi a gabansa yana godiya, shi kuwa Basamariye ne, baƙo. Mun saba zargin taran nan, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Ubangiji bai karɓe lafiyarsu ba. Ya tambayi inda suke, shi ke nan. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, amma Allah bai jira tukuici kafin ya bayar ba, bai kuwa janye kyautar don ba a yaba ba. Taran sun sami lafiyar jiki suka wuce. Na goman ya komo wurin Mai-bayarwa, aka ce masa bangaskiyarsa ta cece shi. Godiyarsa ba biyan bashi ba ce, ita ce ta kai shi gaban Yesu. Mai dungu ma hanyar nan a buɗe take gare shi.

Haka aka bi a Danja. Ba dukan waɗanda aka wanke wa gyambo suka karɓi bishara ba, yawancin mutanen ƙasar Musulmi ne, da yawa suka sha maganinsu suka koma gida da addininsu. Ba a rufe ƙofa saboda wannan ba. A 2012 ma aka ƙara buɗe wani sashe a wurin domin mata masu yoyon fitsari, waɗanda su ma akan guje su kamar yadda aka guji kutare.